Lodin Mota da Hanyar Garinmu: Amsa ga Wata Uwa daga Durba

 

Wata baiwar Allah daga Durba, cikin ƙaramar hukumar Kibiya, ta sa 'yarta ta rubuto mana wasiƙa. Ta ce ɗanta na fari, ɗan shekara 19, ya ƙudura da an kammala aikin kaka zai tafi ci-rani Kudu. Kuɗin mota ya fi ƙarfinsa, don haka shi da abokansa sun shirya hawa saman tirelar kaya. Mahaifinsa ya ce ai kowa haka yake tafiya. Ita kuwa hankalinta ya ƙi kwanciya, amma ba ta da hujjar da za ta kafa, domin a cewarta titin nan ba ta fi taka shi sau uku ko huɗu a shekara ba, in za ta asibiti ko gaisuwar mutuwa. Ta rufe da tambaya, "Me zan ce masa?"

Inna, na gode da wannan wasiƙa, kuma zan ba ki hujja. Sai dai ki yi haƙuri, zan ɗauko zancen daga nesa, don maganar ɗanki a ɗaure take da maganar hanya baki ɗaya: wa ke da ita, me ke kashe ta, kuma wace doka ce ke kan abin da ake ɗora mata.

Bari in fara da cewa uwargida da ke cikin kulle ba ta fita titi, amma titi yana shigo mata har madafa. Gishirin da kika zuba a miya, manjan, sabulun wankin, atamfar sallar yara, duk a bayan mota suka zo. Ƙuli-ƙulin da kika soya da man gyaɗan da kika matse, in sun wuce kasuwar garinku, a mota suka wuce. Duk ranar da kuɗin lodi ya tashi, ke ce za ki fara ganinsa a cefane. Kun tuna ƙarshen watan Fabrairu na 2021, lokacin da dillalan abinci da na shanu suka dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako guda? Tumatur ya yi tsada a Legas, a nan kuwa ya faɗi warwas a hannun manoman Kura da Kadawa da Bunkure. Kun kuma ga yadda farashin komai ya yi tsalle bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Ashe ke nan ba mai cewa ba ruwanta da hanya.

To, hanyoyin ƙasar nan, in an haɗa su, sun kusa kilomita 200,000, kuma iyayen gidansu uku ne. Akwai na gwamnatin tarayya, wajen kilomita 35,000, su ne manyan tituna masu haɗa jiha da jiha. Wanda ya taso daga ƙasar Kibiya ya biyo ta Rano, ya ratsa Bunkure, ya faɗa babban titin Kano zuwa Zariya a Karfi, to daga nan ya hau titin tarayya, wanda ya taso tun daga Kudu, ya bi ta Lokoja da Abuja da Kaduna, ya wuce Kano har Daura da iyakar Nijar. Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ce ke gina irinsa, hukumar FERMA da aka kafa a 2002 kuma ita ke da alhakin faci da gyara. Sai na jiha, waɗanda galibi su ke haɗa manyan garuruwan ƙananan hukumomi, kuma a Kano hukumar KARMA ce ke kula da gyaransu. Na ukun su ne hanyoyin karkara, masu shiga ƙauyuka da gonaki da kasuwannin mako. Waɗannan su suka fi yawa nesa ba kusa ba, sun haura rabin hanyoyin ƙasar gaba ɗaya, yawancinsu burji ne ko jar ƙasa, kuma suna wuyan ƙaramar hukuma, wadda ita ce mafi ƙarancin kuɗi da injiniyoyi cikin ukun. Kin ga an ɗora wa ƙaramin jaki babban mangala.

Me ya sa na tsaya kan wannan? Saboda sau da yawa kukanmu ba ya zuwa inda ya kamata. Kwalbati ya karye a hanyar ƙauye, sai a yi ta zagin Abuja, alhali kansilan mazaɓa da shugaban ƙaramar hukuma su ne ƙofar farko. Durba mazaɓa ce mai kansilanta. Lokacin zaɓe ana shigo mana har tsakar gida da atamfa da sabulu da taliya, ana "Hajiya ina wuni". Ranar nan ce ranar tambaya. Ki ce wa matar da aka turo, "Hanyar da za a bi da mai naƙuda zuwa asibitin Rano da damina fa, wa zai gyara ta, kuma yaushe?" Ba rashin kunya ba ne. An sha yin shirye-shiryen hanyoyin karkara, tun daga DFRRI ta zamanin Janar Babangida a 1986, har zuwa shirin RAAMP na Bankin Duniya wanda Kano ke cikinsa. Ginawa ba ta cika gagara ba. Riƙewa ce ke gagara.

Ga dalili. Ke da kika tashi a gidan ƙasa kin fi kowa sanin sirrin titi, ko da ba ki sani kin sani ba. Soro in ba a yi masa yaɓe kafin damina ba, aka bar indararo ya toshe, ruwa zai kwanta a kai, ya sami 'yar tsaga ya shiga, ya jiƙa azara, wata rana sai a ji rugum. Titi ma haka yake. Kwaltar da ake gani baƙa a sama kamar yaɓe ce, siririya ce. Ƙarfin yana ƙasa, a marmara da tsakuwar da aka daddaɓe. Muddin ƙasan nan a bushe yake, titi zai ɗauki kaya. Da kwalta ta tsage ruwa ya shiga, ƙasan ya yi laushi, mota mai nauyi ta taka, sai rami. Ramin da buhun kwalta ɗaya zai toshe bana, baɗi sai an kawo katafila. Shi ya sa lambatun gefen titi ba ado ba ne, shi ne indararon hanya. A nan kuwa muna da laifi, mu faɗi gaskiya. Wa ke ba yaro kwandon shara ya ce "je ka zubar" ba tare da ya faɗa masa inda zai zubar ba? Mu ne. Yaro kuwa lambatu ne mafi kusa.

Ruwa ke nan. Abokin ɓarnarsa shi ne nauyi, kuma a nan nake so ku ba ni kunnuwanku da kyau.

A da, manyan kaya jirgin ƙasa ke ɗauka. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma dalar gyaɗar da iyayenmu ke ba mu labari a tarago ta riƙa tafiya Legas. Da jirgi ya durƙushe, sai komai ya dawo kan kwalta: siminti, taki, fetur, hatsin Dawanau, tumaturin Kwanar Gafan, shanun Wudil. Titin da aka yi don ya raba kaya da jirgi ya zama shi kaɗai ke dakon ƙasa.

Injiniyoyi ba sa auna nauyin mota a dunƙule kawai. Suna duba abin da ya hau kan kowace ƙafa, wato ƙarfen nan da ya haɗa tayar hagu da ta dama, wanda makanikai ke ce wa aksul. A Amurka, tsakanin 1958 da 1960, an gina titunan gwaji aka yi ta zagaya su da manyan motoci dare da rana, don a ga yadda nauyi ke cin hanya. Abin da aka gano ya ba kowa mamaki. In ka ninka nauyin da ke kan ƙafa ɗaya sau biyu, ɓarnar ba ninki biyu take yi ba, wajen ninki 16 take yi. Da wannan lissafi, ƙafar tirela mai ɗauke da tan 10 in ta wuce sau ɗaya, kamar ƙafar ƙaramar mota mai tan 1 ta wuce sau 10,000 ne. Ki sake karanta wannan. Duk tasi-tasi da babura da a-daidaita-sahun da ke bin hanya wuni guda, ba su kai tirela ɗaya mai mugun lodi cin kwalta ba.

Saboda haka ne ƙasashen ECOWAS suka amince a 2012 da ƙa'ida ɗaya kan lodi, inda aka tsayar da tan 11 da rabi a matsayin iyakar ƙafa guda, Najeriya kuma ta fitar da nata ƙa'idojin a kan haka a 2018. Don ki gane tan, buhun masara mai kilo 100 guda goma shi ne tan ɗaya. Buhu 300 tan 30 ke nan, daidai da buhun siminti 600. In mai kaya ya ce a ƙara buhu 150 a kai don kuɗin mota ɗaya ya yi aikin ɗaya da rabi, shi ya ci riba, amma ya bar wa jama'a bashi. Bashin nan ana biyansa ta hanyar ramuka, ramuka su karya wa ƙananan motoci ƙafa, direba ya ƙara kuɗin mota don ya biya makanike, mai shago ya ƙara a kan mudu, ke kuma ki rage cefane. Dokar tana nan a takarda. Abin da za a tabbatar da ita da shi, wato sikelin auna manyan motoci a bakin hanya da wuraren lodi, shi ne ya yi ƙaranci, kuma a ganina wannan ya fi yawan shingayen karɓar na goro amfani da za a mai da hankali a kansa.

Yanzu mu zo kan ɗanki, Inna.

Motar da aka yi wa lodi fiye da kima abu uku ke samunta. Na farko birki. Birkin tirela an yi shi ne daidai nauyin da aka ƙayyade mata. In kaya ya yi yawa, ga gangara, birki ya yi zafi, sai direba ya taka ya ji wayam. Na biyu taya. Nauyi da zafin kwalta su ke fasa ta, balle ma tsohuwar taya 'yar gwanjo. Na uku tsawo. Kin san yadda yarinya ke tafiya in ta ɗauko ƙwarya ɗaya, da yadda take tangaɗi in an jera mata biyar a ka. Kaya in ya yi tsiri sama, 'yar kwana kaɗan ko kauce wa rami ta isa ta kwantar da motar. To, wa ke can ƙololuwar tsirin? Ɗan mutum, a zaune kan buhu ko kan katakon da aka gitta a saman shanu, ba bel, ba ƙofa, ba abin riƙewa sai igiya. Tafiyar Kano zuwa Legas ta fi kilomita 1,000, kwana ake yi ana tafe, cikin sanyin hunturu, barci na fizgarsa. In motar ta faɗi, shi ake fara jefarwa, sannan kayan su biyo shi. Buhu ɗaya kilo 100 ne. In shanu ne, ga ƙaho ga kofato. Shi ya sa haɗarin da a motar fasinja zai tsaya a karaya, a saman tirela sai a ji an rasa mutum ashirin ko talatin a tashi ɗaya, kuma sau da yawa 'yan gari ɗaya, wani lokaci 'yan gida ɗaya.

Kuma haramun ne a dokar hanya. Motar kaya ta kaya ce. Haɗa mutane da dabbobi ko buhuna a bayan tirela laifi ne da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke kamawa a kai. Wannan hukuma, wadda muka fi sani da 'yan Rod Sefti, an kafa ta a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Ita ce mai lasin tuƙi da lambar mota da sintiri a manyan hanyoyi. Ba ita ce KAROTA ba, wadda gwamnatin Kano ta kafa a 2012, ba kuma ita ce 'yan bi-ai-o masu duba lafiyar mota ba. Akwai wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. Wanda ya shiga mota a tasha, ana rubuta sunansa da lambar wani nasa a takardar fasinjoji. Wanda ya ɗare saman kaya a bakin hanya ba ya cikin takardar kowa. In abu ya faru a dajin Neja ko Kwara, ba a san ko ɗan waye ba. Akwai iyayen da har yau suna sauraren sallamar ɗan da aka binne a gefen titi shekaru da suka wuce.

Na san abin da za a ce miki. Za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, rai na hannun Allah. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi, kuma ba wadda ke barin jariri a bakin rijiya ta ce ai kwana in bai ƙare ba ba zai faɗa ba. Za a kuma ce talauci ne, kuma wannan gaskiya ce da ba zan raina ba. Yaron nan ba don sha'awa zai hau ba, bambancin kuɗin ne ya yi yawa. Shawarata ita ce a mai da kuɗin motar ɗan ci-rani cikin lissafin kaka, kamar yadda ake ware na taki. In akuya ce a sayar, in kwasar adashi ce a roƙi uwar adashi ta matso da ita, in ya kama ya jinkirta mako biyu ya yi ƙodago ya cika, ya jinkirta. Ki samu maigida a lokacin da ya huta, ba a gaban yaron ba, ki ce, "Malam, na ji an yi bayani a rediyo, ga abin da ke faruwa da mota in lodi ya yi yawa." Ki kawo masa maganar birki da taya da tsawo. Maza sun fi jin magana in an zo musu da dalili, kuka kuwa sai su ce tsoron mata ne.

Kada kuma mu nuna tirela da yatsa mu manta da namu lodin. Ni kaina na yi wannan wauta. Ranar kai ƙanwata ɗakin miji, bas mai cin mutum 18 muka cusa mata sun fi 25, ban da goyo, ga kwalla da fanteka a bayanmu har rufi. Direban ya ce, "Hajiya, motar nan ta cika fa." Ni da bakina, da digirina, na ce, "Haba malam, a matsa dai, wa za a bari?" Ana guɗa ana waƙa, wata na cewa ya taka kada motar ango ta riga mu. Allah ya tsare, tayar baya ce kawai ta fashe, kuma ya samu ya tsaya a gefen gona. Da muka fito na ga yadda hannun mutumin nan ke rawa, kunya ta hana ni kallonsa. Tun daga ranar, in ana rabon motocin biki a gidanmu, ni ce mai baƙin jini, don sai na ƙirga kujeru. Gara a yi sawu biyu, ko wasu su haƙura su je washegari ganin ɗaki.

Gudu ma yana da ƙa'ida a rubuce. A cikin gari kilomita 50 ne a awa. A babbar hanya tasi da bas 80, a tagwayen titi 90. Tirela da tanka kuwa 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen titi. Tun watan Fabrairu na 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Dalilin lissafi ne: in gudu ya ninka biyu, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya ninki huɗu take yi. Wani abin lura shi ne gyaran titi ba ya rage wannan haɗari, wani lokaci ma ƙara shi yake yi. Da aka sabunta titin Zariya zuwa Kano, cikin aikin da aka fara a 2018, ya yi sumul, sai ƙafa ta ƙara nauyi a kan totur. A kan wannan titin ne, ranar 31 ga Mayu, 2025, motar tawagar 'yan wasan Kano da ke dawowa daga gasar ƙasa a jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada, saura ƙiris su iso gida, aka rasa mutum 22. Hukumar kiyaye haɗurra ta danganta abin da gajiya da gudu bayan doguwar tafiyar dare. Alƙaluman hukumar na nuna ana rasa fiye da mutum 5,000 a shekara a titunan ƙasar nan, kuma waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya kai gare ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. 'Ya'yanmu ke nan.

Ku matan direbobi da iyayen 'yan acaɓa, kuna da aiki babba. Mutum ya dawo daga Legas ko Fatakwal idonsa jawur, ki bar shi ya yi barci kafin ki kawo masa ƙarar yara da ta kishiya. In kin san yana kan hanya, daina kiransa a waya don tambayar kuɗin cefane. Amsa waya a kan tuƙi laifi ne, kuma sau nawa ke ce a ɗaya gefen? In kika ga ƙwayoyi a aljihun rigarsa lokacin wanki, waɗanda ake sha don kore barci, kada ki yi shiru, ki gaya wa wanda yake jin nauyinsa. Shawarar hukuma ita ce direba ya tsaya ya huta bayan kowace awa 4. Taya kuma tana da ranar haihuwa, lamba huɗu ce a jikinta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In an rubuta 1522, an yi ta a mako na 15 na 2022, kuma hukuma na gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara 4. Yaronki ɗan makaranta zai iya karanta wa babansa. Hular kwano kuwa, kun tuna a 2009 da aka tilasta ta, wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka? An yi dariya, amma ƙwarya ba ta tare kwalta. Haka kuma doka ba ta yarda wanda bai kai shekara 18 ya yi tuƙi ba, ko da babur ɗin gidan ne, ko da niƙa kawai za a kai.

Sai 'yan tallanmu. Ba zan ce a daina ba, na san da shi ake rufin asiri a gidaje da yawa. Amma yarinya 'yar shekara takwas ba ta iya auna gudun mota da ido, kuma in ciniki ya kira ta daga tsallake, farantin take kallo. In da hali a tsayar da tallan cikin unguwa da kasuwa. In dole sai ta bi titi, ki koya mata ta riƙa tafiya tana fuskantar motocin da ke tahowa, kada ta ba su baya, kuma ta dawo kafin magariba, domin mai baƙin hijabi da duhu direba ba ya ganinsa sai ya zo daf. Kakanninmu ma sai da aka koya musu duba hanya sabo, lokacin da ƙasar nan ta canja hannun tuƙi daga hagu zuwa dama a ranar 2 ga Afrilu, 1972. Ku tambayi tsofaffin gidanku, za su ba ku labari.

Akwai magana ɗaya da nake roƙon kowace uwa ta tara 'ya'yanta maza yau da dare ta faɗa musu. In tankar mai ta faɗi, a guje ta. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tanka ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, kan hanyar Kano zuwa Haɗeja. Mai ya malala a lambatu, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi. Fiye da mutum 180 suka rasu, yawancinsu matasa, aka yi kabarin bai ɗaya. Wata uku bayan nan, a Janairun 2025, aka sake yin irinsa a mararrabar Dikko ta jihar Neja, aka rasa fiye da 80. Abin da yara ba su sani ba shi ne ba ruwan fetur ɗin ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Tururin nan ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa yana bin kwari da lambatu, ba a ganinsa. Ƙarfen bokiti ya gogi kwalta, ko wani ya tayar da babur, ko injin janareta, shi ke nan. Wanda ya tsaya kallo daga nesa kaɗan ma bai tsira ba. Bayan waɗannan ne gwamnati ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 lodi daga 1 ga Maris, 2025. Ita dai uwa abin da ke hannunta shi ne ta ce, "Duk wanda ya shigo min gida da man tanka, ban yafe ba." Wannan kalma tana da nauyi a bakinmu, to ga inda ya dace a kashe ta.

In kuwa Allah ya kawo tsautsayi kusa da ku, lambar kiran gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122, kyauta ce, a sa yaro ya adana ta a wayar gidan. Wanda ya faɗi yana kukan wuya ko baya, kada a sunkuce shi kamar buhu, a shimfiɗa shi kan ƙyaure ko faffaɗan katako, kai da jiki a miƙe. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Karaya kuma a fara kai ta a ɗauki hoto kafin a yi zancen ɗori.

Inna ta Durba, in yaron nan ya tashi tafiya, a raka shi tasha, a ga an rubuta sunansa da lambar babansa a takarda, ya shiga motar safe ba ta dare ba. Ki sa 'yar taki ta sake rubuto mana mu ji yadda kuka ƙare da Malam.